Ranar da Innarku Ta Kira Sunan Auwal

Ranar wata Alhamis ce cikin goman ƙarshe na azumin 2020, bayan la'asar, a falon 'yata Sadiya da ke can saman wani dogon bene a Danau Kota, cikin Kuala Lumpur. Mu huɗu ne: ni, da Innarku, da Sadiya, da mijinta Nura. Jaririyarsu tana barci a ɗaki. Dawowarmu ke nan daga asibiti, ko takunkumi ba mu cire ba. Na ambaci waɗanda ke wurin ne domin kai Auwal ka san cewa abin da zan rubuta yana da shaidu, kuma biyu daga cikinsu kana da lambarsu.

Mun je Malesiya ne a farkon shekarar saboda wankan jegon Sadiya, da niyyar mu koma Kaduna mu yi azumi a gida. Ba mu daɗe ba Innarku ta fara kukan ciki, muka ɗora wa abincin ƙasar laifi. Kafin a gama gwaje-gwaje korona ta shigo, aka rufe iyakoki, aka kafa dokar kulle. A ranar da nake magana a kai ne likita ta faɗa wa Sadiya sakamako, ita kuma ta fassara mana a mota. Ciwon daji ne a hanta, ya riga ya bazu, abin da ya rage watanni ne. Ana iya kwantar da ita a gwada magani, wataƙila ya ɗan ƙara mata lokaci, amma a kwanakin nan ba a barin kowa ya shiga wurin majinyaci, ko miji ne ko 'ya. Innarku ta ji wannan duka tana kallon titi. Sai da muka zauna a falo ta yi magana.

"Ba zan kwanta inda babu mai shigowa ya ce mini sannu ba. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, kada a faɗa wa na Abuja."

Sadiya ta ce, "Inna, Yaya fa kike nufi."

"Na san wanda nake nufi."

"Wallahi ba zai yafe mana ba."

"Jirgi na tashi ne? In kun faɗa masa, da ƙafa zai zo? Ku bar shi ya yi aikinsa."

Jikokina da za su karanta wannan ba za su san wane ne na Abuja ba, don haka sai na yi bayani. Innarku a ruga ta tashi, cikin Fulanin ƙasar Gombe, kuma a gidansu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa magana ido da ido, ba ta nuna a gaban mutane cewa ta damu da shi. Da aka yaye ka, Auwal, mahaifiyata ta ɗauke ka zuwa Zariya, ka tashi kana ce wa Innarku Adda, kamar yayarka ce. In tana so ta san ko ka ci abinci, Sadiya take tambaya a gabanka, "Wancan ya ci kuwa?" Da ka samu aiki a Legas ka zama na Legas, da aka mayar da kai Abuja ka zama na Abuja. Matan Najeriya da ke Danau Kota suna kiran juna da sunan ɗan fari. Sun yi ta ce mata Maman Auwal tana wucewa kamar ba da ita ake ba, har wata ta ja Sadiya gefe ta tambaye ta ko tsohuwar ba ta ji sosai. Akwai abin da ni kaɗai na sani. Duk ranar da ka ce za ka hau hanyar Abuja zuwa Kaduna, ba ta sa komai a bakinta sai an ce ka iso.

Ban yarda da maganarta ta biyu ba, kuma na faɗa mata bayan an sha ruwa. A gidan rediyo na ƙare ƙuruciyata, kuma a shekarun farko ni ke karanta sanarwar rasuwa. Na sha haɗuwa da mutanen da suka ji mutuwar iyayensu daga bakina suna shago ko tashar mota, kuma babu wanda ya manta inda yake tsaye a lokacin. Na ce mata ba na so ɗana ya shiga cikinsu.

Ta ce, "Malam, duk daɗewarka a gidan rediyon nan, ka taɓa karanta sanarwar da masu ita ba su kawo ba?"

Na ce ban taɓa ba.

"To wannan tawa ce. In lokaci ya yi, ni zan kai da kaina."

A kan haka na yi mata alkawari, Sadiya da Nura ma suka yi. Alkawarin shi ne ba za mu riga ta ba, tunda ta ce za ta kai.

Bayan sallah benen ya fara gundurarta. Takan tsaya a taga ta ce tun da ta zo ƙasar nan ƙafarta ba ta taka ƙasa ba, daga siminti sai siminti, kuma mutum ba tsuntsu ba ne da zai kwana a sama ya tashi a sama. A hawan da ke ƙasa da namu akwai Bitrus, mutumin Pankshin, makanike. Ya sayi wata tsohuwar ƙaramar bas, ya cire kujerun baya, ya kafa gado da murhun gas da tankin ruwa da ɗan makewayi, yana ba masu yawon buɗe ido haya. Korona ta kore masa masu haya. Nura ya faɗa masa halin da ake ciki, domin shi ke kai mu asibiti in Nura yana aiki. Da aka buɗe zirga-zirga tsakanin jihohi a watan Yuni, sai ga shi ya hawo da mabuɗi a hannu.

"Baba Alhaji, motar nan zama kawai take yi tana kashe mini batir. Ku kai Mama ta sha iska. Penang tsibiri ne, amma akwai gada, ba sai kun shiga jirgin ruwa ba. Abu ɗaya ne, za ka iya tuƙi a hannun hagu?"

Na ce masa a Zariya na koyi tuƙi tun kafin Najeriya ta koma hannun dama, lokacin ko babansa bai fara zance ba.

Ya ce, "To boleh, boleh, in ji 'yan Malesiya, wato za ka iya. Na yi shiru."

Innarku ta sauka ta zagaya motar, ta danna katifar, ta buɗe murhun ta rufe, sannan ta ce, "Wannan ai ruga ce aka sa wa taya." Tun ranar asibiti ban ga haƙoranta ba sai a lokacin. Likita ba ta hana ba. Ta ba mu maganin rage zafi, ta koya mini yadda ake ba da shi, ta haɗa mu da wasu masu jinya a tsibirin ko da bukata za ta taso. Na rubuta wannan ne saboda an ce ni na ɗauke ta daga hannun likitoci. Ba ta taɓa shiga hannunsu ba, ita ta ƙi, kuma da sanin likita muka tafi.

Mun haye gadar da hantsi, ruwa dama da hagu, tana riƙe da ƙofa tana salati. Garin babu baƙi, shaguna da yawa a rufe, duk inda za ka shiga sai an ɗora maka na'urar auna zafi a goshi. Mun je tsohon masallacin da fataken Indiya suka gina, muka tsaya daga waje, domin a lokacin ba a barin 'yan ƙasar waje su shiga jam'i. Mun je sansanin da Turawan Ingila suka gina a bakin ruwa, bindigoginsa na igwa suna kallon teku. Na fara yi mata bayanin tarihinsa kamar ina gabatar da shiri, ta tsayar da ni.

"Wato sun zo garin mutane, kuma suka kafa bindiga suna tsoron baƙi?"

Na ce taƙaitaccen labarin ke nan.

A gaban sansanin nan ka kira, Auwal, kiran bidiyo da ka saba yi mini duk mako. Ita tana gefe inda hoto ba ya kai wa, kamar kullum. Da ka ga inda nake, muryarka ta canza.

"Baba, annoba fa ake yi. Mutane suna gida a kulle, kai ka ɗauki Adda kuna yawo a bas kamar 'yan makaranta?"

Na ce likita ta yarda.

"Wace likita?"

"Mai duba cikinta."

"Har yanzu cikin nan ne?"

Daga gefe ta ce, "Malam, ce wa wancan gyambon ciki ne, ya daina tayar wa mutane hankali."

Ban maimaita ba. Ka ji da kunnenka, ka ce a rage mata yaji, muka yi sallama. Kalmar nan ba ta taɓa fitowa daga bakina ba, amma na ji an faɗe ta kuma na yi shiru. Wannan ma a rubuta shi yadda ya faru.

Daga nan muka nufi gandun dajin gwamnati da ke ƙuryar tsibirin, inda titi yake ƙarewa a wani ƙauyen masunta. Hanyar cikin dajin da ƙafa ake binta, ita kuwa ba ta da wannan ƙarfin, don haka muka ɗauki kwalekwale zuwa wani bakin teku da kunkurun ruwa ke zuwa su binne ƙwai. Babu kowa sai mu da mai kwalekwalen. Ta cire takalmi ta taka yashi, ta daɗe a tsaye, sannan ta shiga har ruwan ya kai idon sawunta. Ta ɗiba a tafin hannu ta ɗanɗana ta tofar.

"Ruwa mai yawa haka, amma ko ɗan maraƙi ba zai sha ba."

Kafin mu dawo inda muka ajiye kaya, biri ya gudu da ƙunshin shinkafar da muka sayo a ƙauye. Ta yi masa faɗa da Fulatanci, tana dariya har ta riƙe ciki. A hanyar dawowa ta yi amai, kuma da hasken rana ya faɗo mata a fuska na ga fararen idanunta sun koma rawaya. A daren na ƙara mata magani a karon farko.

Muka zagaya bayan tsibirin, wani yanki da ake kira Balik Pulau, inda babu dogayen gidaje sai gonakin shinkafa da bishiyoyin kwakwa. Wani manomi ya bar mu muka ajiye motar a gefen gonarsa, bayan wani ƙaramin masallaci. Yana da shanu kaɗan a ɗaure, gajeru marasa ƙaho sosai. Innarku ta dube su ta tambaye ni ko shanu ne ko manyan awaki, amma kowace safiya sai ta sa na shimfiɗa mata tabarma inda za ta riƙa ganinsu. A can ta fi samun barci. A can kuma na ga abincin da take ci ya koma cokali biyu. Wata safiya na ce mata, "Hajiya, lokacin da kika ce ya yi." Ta ci gaba da kallon shanun. Bayan la'asar ta yi wanka, ta ɗaura zanen da ta yi sallah da shi, ta sa kwalli, ta zauna a bakin ƙofar motar.

"Malam, kira mini shi."

A Abuja safiya ce. Ka ɗauka kana zaune a gaban kwamfuta, da abin sauraro a kunne. Kafin in yi magana ta miƙo hannu ta karɓi wayar, ta riƙe ta daidai fuskarta. Tun da aka haife ka ban taɓa ganin ta dube ka haka ba.

Ta ce, "Auwalu."

Ka fashe da dariya. "Kai! Adda, yau kuma? Baba, me kuka ba ta a Malesiya?"

"Auwalu, ka rame."

"Aiki ne, Adda."

"Ka riƙa cin abinci. Ka riƙe ƙanwarka. Allah ya yi maka albarka."

"Amin, amin. Wallahi iskar teku ta karɓe ki. Bari in shiga taro, sun fara. Zan kira anjima in ji sauran."

Ta miƙo mini wayar. Ta gyara mayafi ta ce, "To, na kai."

Na ce, "Me kika kai?"

"Na kira sunansa da bakina, ina kallon idonsa. Wace uwa ce a gidanmu take yin haka in ba tafiya za ta yi ba? Ranar da kakata ta kira sunan babana, bai tambayi kowa ba, ya tashi ya aika a tara dangi."

"Hajiya, bai gane ba. Dariya ya yi."

"Dariyar kunya ce."

"A Zariya ya tashi, ba a ruga ba."

"Ko a Makka ya tashi, jinina ne. Ya gane."

Abu na farko da aka koya mini a gidan rediyo shi ne, in mai sauraro bai fahimta ba, to ba ka faɗa ba, ko da ka karanta kowace kalma daidai. Na san saƙon bai isa ba, kamar yadda nake sanin an ɗauke wuta a tsakiyar labarai. Na roƙe ta ta bar ni in ƙara maka bayani.

Ta ce, "Ka ƙara me? Abin da na tara masa tun yana cikin zane, na ba shi yau, kai kuma ka bi bayana ka ce masa bai isa ba?"

Abin da ke gabana ke nan, kuma ina so ku gan shi yadda na gan shi a lokacin. In na kira ka, za ka sani, za ka yi kuka a waya, za ka nemi a ba ka ita, ita kuma a take za ta gane cewa abu ɗaya da ta karya al'adar gidansu ta yi maka ya wuce ta gefen kunnenka. Da wannan za ta kwanta. In ban kira ba, za ta tafi da yaƙinin ɗanta ya fahimce ta, kai kuma za ka rasa watannin da da ka yi amfani da su. Ɗayanku dole ya yi asara. Ita tana gabana tana ramewa kullum, kai kuma na ɗauka kana da shekaru a gaba da za ka huce. Na zaɓe ta. Sadiya ta kira ni ta ce ita za ta faɗa maka, na hana ta, don haka fushin da kake yi da ƙanwarka nawa ne, ka dawo mini da shi.

Ka kira anjimar da ka ce, ka tarar magani ya sa ta barci. A makon da ya biyo ka ce, "Baba, ba ni Adda mu ɗora daga inda muka tsaya." Ta girgiza kai daga gefe, domin a wurinta an riga an yi sallama, ba a yin ta sau biyu. Ka ce, "Au, an dawo da dokar kulle ke nan?" Bayan ka kashe ta ce mini, "Ka gani? Ko tambaya bai yi ba. Ɗan gidanmu ne." Tana alfahari ta faɗa. Duk kiran da ka yi bayan nan kana wasa da dariya, a wurinta dauriya kake yi don kada ka karya mata zuciya, kuma takan sa maka albarka a kan haka bayan an kashe waya.

Mun koma Kuala Lumpur da hawa motar ya fara gagararta. Ta yi sauran kwanakinta a ɗakin Sadiya, jaririyar tana rarrafe a gefen gadon. Ta rasu da hantsi a watan Oktoba, a makon da aka sake taƙaita zirga-zirga a birnin, kanta a cinyar Sadiya, ni ina karanta mata kalmar shahada tana bi. Wasu mata 'yan ƙasar daga masallacin unguwa suka taya Sadiya wanka. Mutane kaɗan aka bari suka shiga maƙabarta. Bitrus ya bi mu a baya, ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu har muka fito. Kafin a ɗauke ta na kira ka, na faɗa maka a jimla ɗaya, yadda aka koya mini, sunan mamaciya da lokaci da wuri.

Ka ce, "Gyambon ciki yana kisa haka?"

Na faɗa maka sunan ciwon.

"Tun yaushe kuka sani?"

"Tun azumi."

Ka kashe wayar. Da na samu jirgi na koma Kaduna, ka zo gaisuwa ka zauna a zaure cikin baƙi, ka tafi tare da su. Na aika maka da labarin Balik Pulau ta bakin Sadiya, ta ce ka saurara har ƙarshe. Daga baya na ji abin da kake faɗa wa dangi, cewa na hana ta asibiti, na yi ta yawo da ita a bas har ta ƙare, na kuma ɓoye maka. Na farko da na biyu ba haka ba ne. Na uku haka ne, kuma ga yadda aka yi.

Bayan an buɗe iyakokin Malesiya a 2022, wata rana da safe lambar ƙasar waje ta shigo wayata. Kai ne. Ban san ka yi tafiya ba. Daga baya Sadiya ta ce a otal ka sauka a unguwar Bukit Bintang cikin Kuala Lumpur, Nura ya kai ka kabari, washegari ka ɗauki hayar mota kai kaɗai. Ba ka yi doguwar gaisuwa ba.

"Baba, ina Balik Pulau. A ina motar take tsaye ranar?"

Na kwatanta maka. Ka wuce kasuwa, ka bi titin da ya yi wajen teku, in ka ga ƙaramin masallaci a hannun hagu ka shiga ta bayansa, har inda kwalta ta ƙare a bakin gonar shinkafa. Ka tambaya ko ƙofar motar gonar take kallo ko titi, na ce gonar. Ka ce, "To," ka kashe. Ita ce waya mafi tsawo da muka yi tun bayan rasuwar, kuma har yau ba a yi wadda ta fi ta ba.